Auren da Aka Rubuta da Sunan Yaya

Dongguan, 2 ga Maris, 2002

Uwar Ersa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Babban Yaya da matarsa Yaya Saimai, da duk wanda ya tambaye ni. Wanda bai tambaya ba ki bar shi. Lafiyata ƙalau, sai kafaɗar dama da ke ƙara in taliyar da na ja da hannu ta wuce kwano ɗari biyu. Yaya tarin naki? Ina fata kina jefa dabinon nan a shayi kamar yadda na ce, ba ki ajiye wa baƙi ba.

Ga labari. A saman gidan abincin da nake aiki akwai ɗakuna uku na ma'aurata, mu kuwa sauran mu takwas ne a ɗaki ɗaya kamar dankali a buhu. Tsoho Mu mai yankan nama zai koma gida da matarsa ƙarshen watan Mayu. Maigidanmu ya kira ni ya ce shekara huɗu ina ja masa taliya ban taɓa ɓata masa ƙullu ba, ɗakin nawa ne in matata za ta zo, kuma akwai aikin gyaran ganye a kicin. Ɗakin yana da taga, Uwar Ersa. Har da ƙusa uku a bango.

Sharaɗi ɗaya ne, takardar shaidar aure. Ya ce ana zuwa dubawa, mace da namiji a ɗaki babu takarda, shi za a kama da laifi. Na ce masa ɗanmu ya fi ni tsawo. Ya ce tsawon ɗa ba hatimi ba ne. In Mayu ya ƙare ban kawo ba, Sha mai wanke tukwane ne zai samu. Shi tasa takardar tana aljihunsa, kullum sai ya fito da ita ya yi fifita a gabana.

Ki duba akwatin marigayi Baba, wata ce mai jan fure a gefe. Ki aiko da ita.

Ki yi haƙuri da ajamina, hannun ya saba da ƙullu.

Ni ne,
Baban Ersa

Shagou, 12 ga Maris

Baban Ersa,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso jiya, na karanta sau uku, na farkon a tsaye. Alhamdu lillahi tari ya yi sauƙi. Dabinon na ci rabi, rabi na ba baƙi, kada in yi maka ƙarya. Tunkiya mai baƙin kunne ta haifi biyu. Ersa ya rubuto daga Yinchuan, yana lafiya, ya ce gyaran mota ya fi yadda ya zata wuya. Ka riƙa ɗora tsumma mai ɗumi a kafaɗar.

Na buɗe akwatin Baba, Allah Ya ji ƙansa. Ɓeraye sun riga mu. Sun bar jan furen gefe, sun cinye tsakiya inda rubutun yake. Ko da sun bari ma, ka san ni da rubutun hukuma, in ba ajami ba ne sawun kaji nake gani.

Yaya Saimai ta ce kada in damu, duk littattafan auren dā an kwashe an kai ofishin gunduma, mutum kan je a ba shi sabuwa. Laraba ta sama zan bi motar safe in Allah Ya yarda.

Don Allah kada ka ce in kira ka ta wayar kantin Bai. Tsayawa yake kusa da mutum yana goge abin da bai yi ƙura ba, kafin ka ajiye waya maganarka ta riga ka isa gida. Takarda ta fi sutura.

Maganar ɗakin ban yi ta da kowa ba sai Yaya Saimai. Ina da wani yadi mai ruwan toka da na ajiye. Ka auna mini tagar da hannu.

Taka,
Uwar Ersa

Shagou, 21 ga Maris

Baban Ersa,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, 'yan ragunan suna tsotso. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka karanta kusa da tukunya.

Jiya na je ofishin. Tagogi uku ne: ta farko ta tsofaffin littattafai, ta biyu ta ɗaurin aure, ta uku ta rabuwa. A ta farko akwai wani dattijo mai tabarau da kwalbar shayi, Tian ake ce masa. Ya ce, "Sunan miji?" Ka san bakina bai taɓa kama sunanka ba, sai na tura masa littafin hukuma mai sunayen 'yan gidanmu ta ƙarƙashin gilashi. Ya shiga ciki ya yi rabin awa, ko ƙasa da haka kaɗan, ya fito da wani littafi da ya sha ƙura.

Ya bi layi da yatsa. "Na Suyun, watan goma, 1981. Ke ce?"

Na ce ni ce.

"Miji, Hai Defu."

Na ce, "Malam, ko za ka sake dubawa? Wannan yayan mijina ne."

Ya ce, "Ɗaga murya, 'yar'uwa, gilashi ne tsakaninmu."

Na maimaita. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce Defu da sunanka a rubuce kamar tagwaye suke, da zai so ya ce alƙalami ne ya zame, amma ga shekarar haihuwa, 1957, ga kuma tambarin yatsa. Ya tambayi taka, na ce 61. Ya ƙidaya, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Angon yana da ashirin, doka ta ce ashirin da biyu. Tsohonku aron ɗa ya yi. Ke ce ta huɗu da na gani bana."

A nan na tuna ranar. Gwaggona ce ta kai ni, kaina a ƙasa, ban ga komai ba sai baƙaƙen takalma kusa da nawa. Aka ce in danna yatsa, na danna. Na ce a raina mijin nan yana da manyan ƙafafu. Da aka kawo ni gidanku na ga ƙafarka ƙarama, sai na ce aron takalmi ka yi don fita kunya, ban taɓa yi maka maganar ba don kada ka ji nauyi. Ashe ba takalmin aka aro ba.

Na ce wa Malam Tian a goge a rubuta daidai. Ya ce takarda ba ta jin bayani. Abin da aka ɗaura a taga ta biyu, a taga ta uku ake kwance shi. Sai ni da Babban Yaya mun je mun rabu, sannan kai ka zo a ɗaura mana a rubuce.

Da na dawo na wuce gidansu ban ko sha ruwa ba. Babban Yaya yana gyaran garma. Na gaya masa, ina kallon garmar. Ya ce, "Baba ne ya ce in je in danna yatsa in dawo. Ya saya mini taliya da nama a hanya. Na ɗauka an daɗe da mantawa."

Yaya Saimai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Tana cikin share hawaye sai ta tsaya cak. Ta ce, "Tsaya. In ita ce matarka a littafi, ni ina tawa takardar?"

Ya ce, "Ai mu Liman ne kawai ya ɗaura."

Ta ce, "Kai tsohon banza! Shekara ashirin da huɗu ina wanke maka safa, ashe 'yar aiki ce ni a gidan Suyun!"

Ni ban yi dariya ba. Ban san matsayina ba, Baban Ersa, sai na ji daga bakin Liman. Allah Ya gafarta wa Baba, don ya gan mu tare ya yi.

Babban Yaya zai shiga gari gobe, shi zan ba wannan ya jefa a gidan waya.

Taka, in Allah Ya so,
Uwar Ersa

Shagou, 25 ga Maris

Baban Ersa,

Gaisuwa a gurguje, mai motar safe ne zai tafi da wannan. Muna lafiya, Allah Ya sa kai ma haka.

Na ga Liman. Ya ce babu zunubi a kaina, kuma rabuwar ita ce daidai. Babban Yaya da fari ya ƙi, ya ce abin kunya ne ga gidan Hai, amma Yaya Saimai ta tsaya mini, yanzu ya yarda. An sa ranar Talata 16 ga Afrilu.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma shekara ashirin ina ɗaure da mutumin da ba miji ba ne a gare ni, gara a yanke kowa ya huta. Kai ba sai ka zo ba, an ce ba a bukatarka a wurin. Da zarar an gama, ba abin da zai hana a ɗaura mini sabo, abin da zuciyata take so ke nan.

Ka kula da kafaɗarka.

Uwar Ersa

Dongguan, 3 ga Afrilu

Uwar Ersa,

Lafiya dai ta jiki akwai.

Takardarki ta 12 ga Maris ta ce za ki je ofishi ki karɓo sabuwa. Ina ta jiran sabuwa, sai ga wannan ta 25. Na karanta ta a bayan kicin, na koma na ja taliya ta tsinke sau uku. Maigida ya ce ko zazzaɓi ne, na ce albasa ce.

Mutumin da ba miji ba ne a gare ki. To. Na san shekara huɗu gida sau uku na zo. Na san keken ɗinkin da na yi alkawari har yau yana baki. Na san minshari. Amma na ɗauka ɗakin nan zai gyara. Me kika gani a ofishin gunduma da ya juya ki cikin sati biyu?

Kuma Babban Yaya ya yarda! Uwa ɗaya uba ɗaya. Da Yaya Saimai, wadda na aiko wa man shafawa har biyu. Da Liman. Kowa ya zauna ya yanke, ni ba a bukatata a wurin. Tunkiya ma in za a sayar da ita akan bar ta ta yi kuka.

Wane ne sabon? In mai gawayin nan ne da matarsa ta rasu, ki sani ba ya wanke wuyansa.

Ban taɓa hana ki abin da kike so ba. Ba zan bari ki tsaya gaban hukuma kina roƙo ba, tunda a hannuna abin yake. Zan jira zuwa Juma'a 12 ga wata. In ban ji daga gare ki ba kafin la'asar, zan zauna in rubuta miki kalmar da kike nema, Tsoho Mu da Sha su shaida. Sha zai ji daɗi.

Tagar taƙi biyar ce a tsaye, huɗu a kwance. Na auna kafin takardarki ta zo.

Baban Ersa

Shagou, 12 ga Afrilu

Baban Ersa,

Sallama. Muna lafiya.

Takardarka ta iso yau da rana. Na karanta, na ga yau ce Juma'ar da ka sa. Ban ko canza takalmi ba na nufi kantin Bai. An sauko daga masallaci, kantin cike da maza. Na miƙa wa Bai lambar, ya buga, ya ɗauko duwatsun ma'auni ya hau gogewa.

Wata ce ta ɗauka, bayanta ƙarar tukwane. Na ce a ba ni Baban Ersa.

"Wa?"

"Mai jan taliya."

"Su uku ne."

"Gajeren."

"Duk gajeru ne! Suna, baiwar Allah, suna!"

Na rufe ido na faɗi sunanka. Ta ce ba ta ji. Na faɗa da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Shekara ashirin ina riƙe da shi a baki, yau na zubar da shi gaban rabin Shagou.

Abin da na ce maka ka ji da kunnenka kafin waya ta yanke, amma ba ka ga kantin ba. Da na ce, "Kada ka rubuta komai! Ba da kai zan rabu ba, da yayanka ne!" dutsen ma'auni ya suɓuce wa Bai ya faɗa masa a ƙafa, bai ko ce wash ba. Tsoho Ding da ba ya ji sosai ya ce me ta ce, wani ya maimaita masa a kunne da ƙarfi, har na waje suka samu. Na fito, aka buɗe mini hanya kamar ana wucewa da gawa.

Daga nan gidan Babban Yaya na nufa. Na ce, "Yaya, takardar da na ba ka ranar 21?" Ya hau kallon sama. Yaya Saimai ta sauko da rigar sanyinsa daga ƙusa ta zazzage, ga ta nan a aljihun ciki. Ya ce mantuwa ce. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, wataƙila mantuwar ce. Yaya Saimai dai ta kira ta da wani suna. Na haɗa maka ita a cikin wannan, ka fara karanta ta.

Yanzu kai. Magana zarar bunu ce, Baban Ersa. Tun muna yara malamarmu ta koya mana aure da saki wasansu gaske ne. Da ka rubuta, da wadda ba ta da aure da kai a wurin hukuma ta rasa na wurin Allah ma. Kada alƙalaminka ya ƙara kusantar kalmar nan. Liman ya ce aurenmu yana nan daram, da shaidu da sadaki aka ɗaura shi, da kai aka ɗaura.

Mai gawayi bai yi maka komai ba, ka nemi gafara. Sabon mijin kai ne.

Minsharin kuwa, tun da ka tafi ban cika samun barci ba.

Taka,
Uwar Ersa

Shagou, 17 ga Afrilu

Baban Ersa,

Sallama da fatan alheri. An yi yayyafi, mun fara shuka dankali. Kowa lafiya. Mutanen gari suna gaishe ni fiye da dā, wasu sau biyu a rana.

Jiya mun je, mu uku. Abin da ya tayar wa Babban Yaya da hankali shi ne, in ya ce "matata" a wurin rabuwa, kan Yaya Saimai sakin zai faɗa. Liman ya ce ya kama sunana kawai. Yaya Saimai ta ce ba ta yarda da bakinsa ba, ta biyo mu ta zauna a benci a bayansa, tana riƙe da gefen rigarsa.

A taga ta uku wata yarinya ce mai gajeren gashi, ba za ta girmi Ersa da yawa ba. Ta ce aikinta ne ta fara neman sulhu.

"Shekara nawa da aure?"

Na ce, "A littafinku ashirin, amma gaskiyar maganar..."

Ta ɗaga hannu. "Abin da na tambaya kawai, Gwaggo. Yana dukan ki?"

"Ko hannun rigata bai taɓa taɓawa ba."

"Yana ciyar da ke?"

"Da Sallah yakan aiko da cinyar rago."

Ta harari Babban Yaya. "Yaushe rabon da ya kwana a ɗakinki?"

Babban Yaya ya hau tari. Na ce, "Bai taɓa tsallake bakin ƙofar ba."

"To ina yake kwana?"

Daga baya Yaya Saimai ta ce, "Wurina!"

Yarinyar ta leƙo. "Ke kuma wace ce?"

"Ni ma abin da na zo ji ke nan, 'yata."

Ta koma kan takarda. "'Ya'ya?"

Na ce ɗaya.

"Kin ce bai taɓa shiga ɗakinki ba."

"Na ƙanensa ne."

Ta ajiye alƙalami. Ta sha ruwa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba ta jin sulhu zai yiwu.

A wurin dalili ta ce za ta rubuta rashin jituwa. Na ce ta yi haƙuri, ni da Babban Yaya ko musu ba mu taɓa yi ba, ba zan danna yatsa a kan ƙarya ba. Ta ce to me za ta rubuta? Na ce, "Ki sa: ba su taɓa zama tare ba." Ta sa.

Sai ta juya gare shi. "Ka yarda ka rabu da matarka?"

Na ga rigarsa ta yi baya. Ya miƙe tsaye kamar mai kiran salla, ya ce, "Na yarda in rabu da Na Suyun, 'yar Na Wanfu, matar ƙanena, ita kaɗai, ban da ta bayana."

Sai da aka buga hatimi sannan Malam Tian ya taso daga taga ta farko da kwalbar shayinsa ya yi wa yarinyar bayani. Ta ce, "Kana ji tun ɗazu?" Ya ce bai so ya katse ba. Ta rufe fuska da takardunmu, tana ƙunshe dariya.

An ce bayan kwanaki a zo a karɓi takardar rabuwa. Saura kai. Dole ka zo da ƙafarka, da takardar shugaban ƙauye mai cewa ba ka taɓa aure ba, kuma likita zai duba mu ya ga ko mun isa. Ka nemi izini da wuri, Mayu ba ya jira.

Taka,
Uwar Ersa

Dongguan, 27 ga Afrilu

Uwar Ersa,

Assalamu alaikum. Lafiya lau, kafaɗa ta yi shiru, taliya ta daina tsinkewa.

Duka ukun sun iso. Na karanta a kan buhun gari, na yi dariya, na yi wa Baba addu'a, na sake yin dariya. Ranar da kuka je danna yatsa ni kiwo Baba ya tura ni, da yamma ya ce an gama. Ashe ni tuzuru ne mai shekara arba'in da ɗaya, da ɗa mai gemu.

Mai gawayi na yafe masa. Kin ce ni zan nemi gafara, na sani, na nema.

Maigida kaɗai na gaya wa, ya ba ni kwana goma. Sauran ban buɗe musu baki ba, Baba yana kabari. Zan iso 14 ga Mayu.

Na ji an ce akwai wata bazawara a Shagou, ba ta da surutu sai a waya. Ki gaya mata wani saurayi gajere yana tafe. Ba shi da keken ɗinki, amma yana da ƙusa uku. Kuma wannan karon ta ɗaga kai ta duba, kada ta tsaya kan takalmi.

Ki ce wa Babban Yaya ya tanadi taliya da nama.

Naki,
Baban Ersa

Dongguan, 3 ga Yuni

Yaya Saimai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da Babban Yaya da yara. Mun iso lafiya, kwana biyu a jirgin ƙasa, ƙafafuna sun kumbura amma sun saɓe. Zafin garin nan kamar an kife wa mutum tukunya. Yaya tumakin? Mai baƙin kunne ba ta son a ɗaure ta kusa da bango. Kuma ki daina wahalar da Babban Yaya. Kin ce sai ya yi zance sau bakwai kafin ki bi shi taga ta biyu, na ji ya yi huɗu, a shekarunsa ya isa.

Mun kai jan littafin shaidar auren saura kwana biyar wata ya ƙare. Maigidansu ya buɗe, ya dubi hoton, ya dube mu, ya miƙo makulli. Sha mai wanke tukwane ya taya mu hawa da kaya, Allah Ya ba shi nasa. Ɗakin bai kai rumbun dankalinki ba, amma namu ne. Yau kwana uku muna shan shayin safe mu biyu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Littafin ya zaga kicin hannu zuwa hannu, matan da ke gyaran ganye suka ga kwanan wata, 20 ga Mayu na bana. Sun san an yi waya ana ihun rabuwa, sun ga ya tafi gida, ya dawo da sabuwar takarda. Sai suka haɗa lissafinsu: ya saki Uwar Ersa ya auro ni.

Ba sa amsa gaisuwata sai da hanci. Ina zaune a tsakiyarsu da wuƙa da kabeji, suna magana ta saman kaina.

"Shekara ashirin baiwar Allah tana riƙe masa gida."

"Ita kaɗai ta yi noma, ta yi kiwo, ta raini yaro. Ko sau ɗaya ba ta rubuto masa ƙorafi ba, da bakinsa ya faɗa."

"Maza! Da yarinya ya ɗauko ma da sauƙi. Dubi abin da ya canza ta da shi."

Babbarsu, matar mai dafa romo, ta ɗaga ganyen da na yanka ta nuna wa saura. Ta ce, "Da Uwar Ersa ce, ba za ta yi wannan aika-aikar ba."

Na san ya kamata in yi magana. Baban Ersa ya ce in faɗa yadda na ga dama, in dai kare wa Baba mutunci. Tun ranar farko na yi niyya, har na ajiye wuƙa. Sai dai, Yaya, shekarata arba'in da biyu, ban taɓa zama na ji ana yabona a bayan idona ba. Ashe duk shekarun nan labarina yake ba su, har abubuwan da ni kaina na manta. Shekaranjiya sun yi haƙurina. Jiya girkina. Yau sun fara karatuna sai aka kira su ɗaukar kwanuka.

Na yi istigfari. Gobe bayan azahar zan gaya musu, in sun ƙarasa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Suyun